Koren Ƙyallen da Na Yanka ta Baya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ciwo da sauƙi duka suke hannunsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, na shafe mafi yawan rayuwata ina karantarwa a wani ɗan zaure a unguwar Maamobi, kuma abin da na saba rubutawa mas'aloli ne na tsarki da salla da gado. Wannan karon lamarin cikin gida zan rubuta, wanda ya faru a shekarar da mai ɗakina ta yi jinya, domin na ga ina yawan tuna shi fiye da abubuwa da dama da na ɗauka sun fi shi girma.

Hajiya, haka nake kiran ta tun da ta sauke farali, tela ce. Shekara arba'in da 'yan kai tana zaune a ƙofar ɗakinmu da keken ɗinkinta na hannu, irin wanda ake juyawa da dama ana tura yadi da hagu. A zango kuwa, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi irin tamu, tela ba ta rasa aiki, saboda yayi. Ba aure, ba suna, ba walimar saukar karatu, ba tarbar alhazai, face an zaɓi atamfa guda an ce ita mata za su sa a ranar. Duk yayin da aka fitar a unguwarmu, sai wani abu daga cikinsa ya biyo ta ƙarƙashin allurarta. Tun muna sabon aure na faɗa mata cewa abin da ya ragu bayan ɗinki na mai kaya ne, ba ya halatta ga tela sai da izini. Ta riƙe wannan magana ƙam. Kowace mace ta zo karɓar kayanta sai ta nuna mata ragowar ta tambaye ta, matan su yi ta dariya suna cewa matar Malam ta fara fatawa, sannan su bar mata. Tana da yadda take gyara ragowar: ta yanki rabin yadi ta raba shi biyu ta tsakiya, ya zama kwatan yadi mai faɗi, domin a cewarta kwatan da aka yanko a tsaye siriri ne kamar rawani, ba ya ba da komai. Ta ninke, ta zuba cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Wata safiya tana dama koko sai ludayin ya faɗi daga hannunta, ta sunkuya ta ɗauka, ita ma ta bi shi. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Ta yi makonni a asibiti, ta dawo gida tana jan ƙafa, hannun a naɗe a kan ƙirjinta, bakinta ya ɗan karkace. Ma'aikaciyar da ke koya wa marasa lafiya motsa jiki ta gaya mana a fili cewa hannun yana iya dawowa, amma sai in ana sa shi aiki kullum, in kuma aka bar shi wata da watanni zai sandare yadda yake.

Hajiya ta ƙi. Ba ta yi gardama da kowa ba, kwanciya kawai ta yi ta juya fuska ga bango. Gidanmu gidan haya ne, iyali goma sha biyu muke tarayya a famfo guda da tsakar gida guda, kuma ta ƙi yarda ko sau ɗaya ta taka wannan tsakar gida da rana. Matan da ta yi wa ɗinkin aurensu da na 'ya'yansu suka riƙa zuwa dubiya, ita kuwa ta rufe ido kamar mai barci har su gaji su tafi. Na yi mata addu'a, na yi mata tofi, na zauna a gefen gadon na karanto mata abin da na sani na falalar haƙuri. Ta saurare ni da ladabi kamar yadda ta saba, in na gama ta ce Allah ya saka da alheri, ta koma ga bangonta. Wata uku muna haka. Ina kallon yatsun nan suna ƙara lanƙwashewa, kuma duk karatuna bai nuna mini ƙofar da zan shiga ba.

'Yarmu ta ƙarshe ce ta samo ƙofar. Tana aure a Kawukudi, tana koyarwa a makarantar yara, kuma a lokacin tana ɗauke da cikin fari. Kullum bayan an tashi takan biyo ta gidanmu. Ran nan ta shigo, ta durƙusa da cikinta ta jawo akwatin ƙarfen nan, ta buɗe, ta fara zazzage ƙyallayen a kan tabarma. Ta ce haihuwarta za ta faɗo cikin sanyin damina, kuma tana son bargon haɗe-haɗe, wanda maƙwabtanmu masu jin yaren Tuwi ke kira asasawa, irin wanda aka shimfiɗa mata tana jaririya. Hajiya ta amsa daga inda take kwance cewa ta je ta ba masu hannu. Yarinyar ta ce ai ga Baba nan da hannu biyu lafiyayyu, ba abin da suke yi tsakanin hantsi da azahar sai jan carbi. Ta ci gaba da zazzagewa tana ninkewa yadda ta ga dama, tana yi tana ƙara hargitsa su.

Can sai muka ji murya daga gado: "Wa ya koya miki ninki haka? Kawo nan."

Ran nan na fara ganin Hajiya zaune da son ranta.

Tsarin da ta yanke mai sauƙi ne. Ƙyalle takwas, kowanne a fitar da murabba'i shida daga cikinsa, a jera su jeri takwas, kowane jeri shida, a sa tsohon zanen gado mai laushi a tsakiya, a yi masa shafi a baya. Ta zaɓi bakwai daga akwatin, kuma kowanne da tarihinsa: wannan na auren 'yar mai naman bakin titi, wancan na sunan tagwayen gidan baya, shuɗin nan na shekarar da muka je Makka. Na takwas take son kore, amma korayen da ke akwatin duk sun koɗe. Aka aika wa wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu take da shagonta a Nima, ita kuwa ta aiko da leda cike da ragowar yadi. Ɗakinmu taga guda gare shi, ita ma bangon maƙwabci take kallo, don haka ko da rana da ɗan duhu. Hajiya ta ɗaga wani kore shar mai zanen da'irori ruwan zinariya, ta dube shi daga nesa, ta ce shi ne.

Yanka ya faɗo kaina, tunda almakashi yana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya yanka. Ta sa aka yanko mini ma'auni daga kwalin madara, ta koya mini ƙa'idar: a kife yadi fuskarsa ƙasa, a ɗora kwali a bayansa, a zagaye da alli, sannan a bi layin. Ba a zana alli a fuska. Ni da na saba jan layi a takarda, na ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai, har na riƙa jin daɗin yadda kusurwoyina ke fita daidai. Gilashina na karatu kuwa na bar shi a zaure a kan littafi, domin a ganina yanka ba karatu ba ne. Atamfa ta gaske gabanta da bayanta kusan ɗaya suke. Koren nan kuwa mai araha ne, fuska ɗaya aka buga, bayansa fari-fari ne ba a ganin komai sai inuwar launi. Na kife shi kamar sauran, na zana, na yanka shida, na ɗora a kan 'yan'uwansa.

Ɗinkin ma a kife ake yin sa. Ana haɗa murabba'i biyu fuska da fuska, a bi gefensu da allura, a bar rara kamar faɗin ɗan yatsa. In an gama a kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga, shi ma ta baya. Wato mai wannan aiki yakan yi makonni bayan yadi kawai yake kallo. Da yake hagunta ba ya iya tura yadi, sai muka raba aikin: ni nake juya keken, ita tana tura yadin da dama, ta ɗauko hagun ta aza shi a kai kamar dutsen danne takarda. Haka muka riƙa zama kullum bayan na sallami masu karatun safe, ita a kan kujera ni a kan ɗan benci a damanta, har a kira azahar.

Ban taɓa shan faɗa a rayuwata kamar na makonnin nan ba, ko a hannun malaman da suka karantar da ni. In na yi sauri ta ce wa ke korata, in na sassauta ta ce ko barci nake. Ta ce juyin keke kamar karatu ne, ba a fizga ba a ja, kuma mamaki take yadda mutum zai iya ɗaya ya kasa ɗaya. Ɗalibaina, waɗanda dattawa ne, 'yan kasuwa da mahauta, wasunsu daga Sabon Zango suke hawo tirotiro, motar haya, su zo, suka fara ganin zare a jikin rigata. Wani tsoho a cikinsu, mai sayar da goro, ya tambaye ni da fuskar gaske ko yaushe za a yaye ni a yi mini walima, domin yana da wando da ke son faci. Na ce masa malamata ba ta cika yaye ɗalibi ba.

A rana muna haɗa huɗu, wata rana biyar, wata rana biyu in jikin ya ƙi. Cikin mako na uku ina juyawa sai na ga ɗan alinta na hagu ya miƙe ya danne gefen yadin da ke neman zamewa. Na san ta san na gani. Daga nan ta fara tambayar wa ya haihu, wa ya yi tafiya, me ya sa ba ta jin muryar mai wake da shinkafa ta bakin lungu. Tsakar gida dai har yanzu ba ta taka ba, amma ta bar kallon bango.

Mako biyar muka yi kafin jeri takwas ɗin su haɗu su zama abu guda. Ranar na shigo daga zaure da gilashina a ido, ta ce in fitar da shi waje in kakkaɓe zaren, in shanya a igiya in ja da baya in duba ko ya karkace. Na fita na shanya shi fuskarsa waje, rana tana dukan sa. Na ja da baya. Abu ne mai kyau, duk da kusurwoyin ba su haɗu ko'ina ba. Sai idona ya sauka a kan kore guda, na ga zanen zinariyar nan da muka ɗauka ado ne kawai yana da alif da lam. Na matsa kusa. Salati ne ga Annabi aka rubuta cikin da'ira, da irin rubutun ado na masu buga yadi wanda haruffa ke hawa kan juna. Yayin Mauludi ne na wata ƙungiya. Na bi shidan ɗaya bayan ɗaya. A uku almakashina ya raba kalmomin, a uku kuwa sunan Allah yana nan cikakke, ba abin da ya taɓa shi.

Bargon jariri ne. Za a shimfiɗa shi a ƙasa, a taka, a zauna, kuma jariri zai yi a kansa abin da jarirai ke yi. Wannan ba wuri ne da malamai suka yi saɓanin da zai amfane ni ba. Kuma shidan ba a gefe suke ba, Hajiya ta warwatsa su ko'ina don launin ya daidaita, kowanne an ɗinke shi ta kowane gefe da ya taɓa ɗan'uwansa. Cire su yana nufin farke kusan rabin abin da ta yi mako biyar tana yi da hannun da ya shanye.

Ta kira ni daga ɗaki tana tambaya ko ya karkace. Na ce bai karkace ba. Gaskiya na faɗa, amma na san abin da na ɓoye a bayanta. Na ninke shi fuska ciki, na ɗora a saman littattafaina.

Abin da na yi a kwana ukun da suka biyo baya ba abin alfahari ba ne, amma tunda na ɗauki alƙalami sai in faɗa. Na koma ga littattafai ina neman sauƙi. Na duba maganar malamai a kan haruffan da aka rarraba, ko hurumin rubutu yana nan bayan an yanke kalma, na samu abin da zan iya jingina da shi a kan ukun farko. Sauran ukun suka tsaya mini a gaba. Na yi tunanin a juya su ciki, ko a rufe su da wani ƙyalle, sai na ga ai sunan yana nan a ƙarƙashi, ana dai takawa. Na kuma lura da cewa da wani ne ya kawo mini wannan tambaya a zaure, da kafin ya gama zama na ba shi amsa. Na yi tunanin in farke da kaina ranar da za a kai ta asibiti, in maye gurbinsu kafin ta dawo, amma tela ta san ɗinkinta kamar yadda nake sanin rubutun hannuna. Tsorona guda ne: in na ce mata a farke, za ta ce ai dama ta faɗa, ta koma ta kwanta, hannun nan da ya fara buɗewa ya rufe, kuma wannan karon ba akwatin da za a jawo.

Saboda haka na riƙa kawo uzuri. Rana ta farko na ce keken yana son mai. Rana ta biyu aka yi jana'iza a Nima, na je, wannan gaskiya ne, amma na zauna wajen ta'aziyya fiye da yadda ake bukata. Rana ta uku na ce bayana yana ciwo. Kowane lokaci takan ce to.

Da la'asar ɗin rana ta uku 'yarmu ta same ni a zaure ni kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba. Ta ce ta tarar da uwarta kwance tana kallon bango, abincin rana yana nan a rufe.

"Baba, Mma ta ce kun fitar da bargon rana kun ga ɗinkin ya yi muni, kuna jin kunyar faɗa mata. Ta ce dama tausayi ne ya zaunar da ku, yanzu kun gaji."

Abin da nake gudu shi na jawo da hannuna, kuma ta mummunar hanya, domin na bar ta tana zargin hannunta a kan laifin idona. Na tashi na ɗauko bargon da gilashina na shiga ɗaki. Na buɗe tagar iyakar buɗuwarta, na kunna fitila duk da rana ce, na zauna a gefen gadon. Na ce mata ta tashi akwai abin da zan nuna mata, kuma laifi ne nawa. Kalmar laifi ce ina jin ta juyo da ita. Na shimfiɗa koren a kan cinyarta, na sa mata gilashina, na bi haruffan da yatsa.

Ta daɗe tana dubawa. Leɓunanta suka motsa, ta yi salatin a hankali. Sannan ta ɗago.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne."

"Da hannunka?"

"Da hannuna, Hajiya. A kife, yadda kika koya mini. Ban juya na duba ba."

Ta cire gilashin ta riƙe. Na jira kuka, ko kuwa shirun nan da na fi tsoro. Sai na ga kafaɗarta tana rawa. Dariya take yi, da karkataccen bakin da ta yi wata huɗu tana ɓoyewa, har 'yarmu ta leƙo daga ƙofa.

"Malam," ta ce, "kai da kake hango kuskure a allon mutum tun daga bakin ƙofa. Guda shida. Da kwali da alli."

Na ce haka ne, kuma na nemi gafarar Ubangijina, ina neman tata. Ta bar dariyar. Ta ce yankan ba komai, wanda bai sani ba ba shi da laifi, ita ma ai ta ɗaga shi ta zaɓa. Kwana ukun ne ba ta yafe ba tukuna. Ta tambaye ni ko na ɗauka ciwon ya taɓa mata imani ne, da har zan yi zaton za ta so jikanta ya kwanta a kan sunan Allah don kada a ɓata mata ɗinki. Na karanta babin kyautata zato ga mutane sau da yawa, ban yi aiki da shi a ɗakina ba.

Ta ce wa 'yarmu ta miƙo mata reza daga cikin gwangwanin allurai.

Farke ɗinki ya fi yin sa wuya, wannan ban sani ba sai ranar. Dole a buɗe bakin ɗinkin a ja gefe biyu har zaren ya bayyana, sannan a taɓa shi da reza ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ci yadin ba. Reza tana dama. Jan kuwa aikin hagu ne, da babban yatsa da ɗan ali. Na miƙa hannu in riƙe mata, ta janye.

"Ka yi naka aikin ai. Bar mini nawa."

Na zauna ina kallo. Yatsun suka kama yadin ya zame, suka sake kamawa ya sake zamewa. Zufa ta keto mata a goshi. A karo na huɗu ko na biyar suka riƙe, ta ja, zaren ya fito fili, ta tsinke shi. Kafin magariba ta farke gefe guda na murabba'i guda, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, ta jingina da bango kamar wadda ta yi dakan turmi. Ta ce a ɗumamo mata abincin nan.

Kwana tara ta yi tana cire shidan, kuma ba ta bar ni na taɓa ba sai karɓar wanda ya fita. Na haɗa su na naɗe cikin farin ƙyalle, na ajiye tare da tsofaffin takardun karatu da suka yage, inda ƙafa ba ta kaiwa. Bargon ya koma da ramuka shida kamar tagogi.

Saura abin da za a cike su da shi. Na ce a sake aika wa ɗalibarta ta Nima, 'yarmu ta ce ita za ta biya ta zaɓo. Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce an aiko mata sau ɗaya ta ga abin da ya biyo baya, kuma a gidan nan ba ta ga idon da za ta ƙara amincewa da shi ba, na malami ko na malamar makaranta. Washegari Laraba ce, ranar kasuwa. Ta ce a fito mata da mayafinta mai ruwan toka da sandar da asibiti suka ba ta, wadda tun da aka kawo take jingine a bayan ƙofa.

Da hantsi muka fito. Matan gidan suna bakin famfo, da ganin ta suka taso gaba ɗaya. Ta amsa gaisuwarsu a tsaye, ta ce wa ɗaya ɗaurin ɗankwalinta ya karkace. Daga ƙofar gidanmu zuwa shagon tafiyar minti goma ce ga mai lafiya, mu kuwa mun kusa cinye sa'a, domin lungunan ƙunci gare su, ga kwata a tsakiya, ga masu dakon kaya da tasoshi a ka suna neman hanya, ga kuma duk taku goma sai wata ta tare ta tana tafa hannu. Sau biyu ta zauna a bencin masu shago ta huta. Na ce ko mu tsayar da mota, ta ce motar ta bi ta ina.

Ɗalibar tata da ta hango mu ta bar keke ta fito da gudu, ta durƙusa tana kuka, tana ba da haƙuri a kan koren, domin labari ya riga mu isa. Hajiya ta ce ta tashi ta fito da abin da take da shi. Aka zube mata koraye a kan tebur a bakin shago, inda haske yake. Ta riƙa ɗaga kowanne da hannu biyu, na hagun yana rawa amma yana riƙe, ta duba gaba ta duba baya, ta murza gefensa da ɗan ruwa ta ga ko yana zuba. Wanda ta zaɓa mai ganyaye ne ƙanana. Kafin ta ba da shi a naɗe, ta miƙo mini.

"Sa gilashinka, Malam. Karanta mana."

Na sa, na duba shi kusurwa zuwa kusurwa a gaban 'yan koyon shagon, waɗanda ke ta danne dariya, na shaida cewa ganye ne kawai.

Mun gama bargon saura mako biyu haihuwa. Sabon koren ya fi tsohon duhu, kuma inda aka farke aka mayar ɗinkin ya ɗan tattare, duk mai sana'a zai gani. Kalmasar gefen da hannu ta yi ta, da allura, zaune a ƙofar ɗaki inda iska ke shigowa. Hannun bai dawo yadda yake da ba, kuma likitoci sun ce mai yiwuwa ba zai dawo duka ba. Yatsu biyu na ƙarshe har yau a lanƙwashe suke. Amma uku suna aiki, kuma da su take tura yadi yanzu tana juya kekenta da kanta. An haifi mace, ranar suna aka shimfiɗa bargon aka kwantar da ita, kafin a gama addu'a ta jiƙa shi. Ni kuwa an sallame ni daga juyin keke, sai dai duk yadin da ya shigo gidan, kafin almakashi ya taɓa shi, akan aiko mini da shi zaure in duba. Alhamdu lillahi a kan abin da Ya mayar, da abin da Ya bari a wurinsa.